Shagon Turin Fina-finai a Titin Bauchi: Abin da Na Saya da Abin da Na Kalla

A makon da aka rufe makarantu domin hutun ƙarshen shekara, lokacin da sanyin Jos yake hana mutum zaman majalisa bayan sallar isha'i, maiɗakina ta miƙo mini wani ɗan memori mai cin giga 32 ta ce in biya ta wajen masu turi in cika mata shi, tun da yara suna gida kuma dare ya yi tsawo. Na fi shekara goma ina wuce irin waɗannan shaguna ban taɓa sa ƙafa ciki ba, domin a ganina harka ce ta samari, kuma duk abin da ake kallo a gidana yara ne suke kawo shi. A wannan karon na je da kaina har sau huɗu cikin makonni uku, na kuma zauna na kalli kusan duk abin da aka zuba mini, don haka ina ganin ina da bakin magana a kan shagon da kuma hajar da yake sayarwa. Ba zan kama sunan shagon ba, ba kuma zan kama sunayen fina-finan ba, saboda akwai suka a cikin abin da zan faɗa, kuma Jos gari ne da 'yan fim suka yi yawa, wanda ka kushe wa aiki yau kana iya samun kanka sahu ɗaya da shi gobe a wajen ɗaurin aure.

Shagon yana cikin wani lungu da ya ɓalle daga Titin Bauchi, tsakanin wani mai gyaran waya da teburin mai shayi, kuma faɗinsa bai fi a shimfiɗa tabarma biyu ba. A ciki akwai kwamfuta biyu na tebur da ɗaya ta cinya, da rumbunan ajiya guda biyar da aka liƙa wa kowanne takarda, an rubuta Hausa, Indiya, Turkiyya, Koriya, sai na biyar da aka sa wa suna Gauraye. Kebura iri-iri suna rataye a jikin ƙusa, ga allon cajin waya mai lamba-lamba a gefe. Mai shagon ya ɗora sola a kan rufi ya ajiye batura biyu a ƙarƙashin tebur, saboda haka ɗaukewar wuta ba ta tsayar masa da aiki, babu kuma ƙarar janareta ko hayaƙinsa, kuma a matsayina na malamin makaranta wannan ne wurin da na fara ba shi maki. A waje akwai benci biyu da ƙaramar talabijin da aka ɗaure da sarƙa a jikin taga, tana nuna tallan sababbin fina-finai tun safe har dare. Tsafta kam da sauran gyara, domin ƙurar hunturu ta lulluɓe komai har da madannan kwamfutocin.

Farashi a rubuce yake a jikin ƙofa, ba a ciniki: fim ɗaya naira 100, kashi ɗaya na fim mai dogon zango naira 50, wanda kuma ya ɗauki zango sukutum ana yi masa rangwame. Naira 2,500 na biya aka cika memorin, kuma aikin ya ɗauki kimanin minti 40, wanda na cinye a kan benci da kofin shayi. Ana karɓar kuɗi hannu, ana kuma karɓar tiransifa.

Abin da ya ba ni mamaki ya faru ne kafin a fara turin. Mai shagon saurayi ne da bai kai shekara 30 ba, sanye da rigar sanyi da hular da ta rufe kunnuwa, kuma da na miƙa masa memorin na ce ya cika da duk abin da yake tashe, sai ya riƙe shi a hannu bai sa a kwamfuta ba.

"Baba, wa zai kalla?" ya tambaye ni.

Na ce mutanen gida ne.

"Hajiya ce kaɗai, ko har da yara? Kuma a waya za a kalla ko a talabijin?"

Na gaya masa cewa akwai 'yan mata biyu da suke sakandare, da wani autanmu mai shekara tara, kuma a falo ake kallo gaba ɗaya. Sai ya buɗe rumbun Indiya ya zaɓo guda shida, ya tsaya ya yi shiru, sannan ya cire biyu daga ciki. Na tambaye shi dalili, tun da na ga hotunansu ne suka fi girma a jikin bango. Ya ce, "Waɗannan ba na falo ba ne, Baba. Ɗaya akwai rawar da za ta sa ka nemi rimot da sauri, ɗaya kuma yankan mutane ake yi kamar na layya." Daga nan ya tambaye ni ko Hajiya tana son labarin kishiya ko ta gaji da shi, ko kuma ni ina iya jure fim mai tafiyar hawainiya. Tambayoyinsa sun kai bakwai kafin ya danna komai.

A nan ne na gane abin da shagon yake sayarwa. Fina-finan da ke cikin rumbunan nan kusan duk suna nan a intanet ga wanda yake da data da haƙurin nema. Abin da babu a intanet shi ne mutumin da ya riga ya kalle su, ya san wanda zai ɓata maka dare da wanda zai ba ka kunya a gaban 'ya'yanka. Mu da muka yi ƙuruciya a zamanin da ake cika gidan sinima na Kwararafa mun san irin wannan mutum, domin a kowace unguwa akwai wanda ake tambaya kafin a kashe kuɗin tikiti. Bayan da aka fara fina-finan Hausa na bidiyo a Kano a 1990, sai wannan aiki ya koma hannun mai bayar da hayar kaset, daga baya mai faifan CD, wanda yakan ce maka kada ka ɗauki na biyu domin na ɗaya ya fi shi. Kasuwar faifai ta mutu, shagunan haya sun koma wuraren cajin waya, amma wannan gado bai ɓata ba, ɗan turi ne ya ɗauke shi.

Babban abin da muka kalla shi ne wani fim na Hausa mai dogon zango, kashi 13, a kan iyalan wani attajiri mai motocin dakon kaya da ya rasu ya bar mata uku da 'ya'ya da yawa da bashin da ba wanda ya san da shi. Zan fara da yabo, domin ya cancanta. Dattijuwar da ta fito a uwargida ta yi wasan da na daɗe ban ga irinsa ba. Akwai wurin da malamin rabon gado yake bayani cewa tumunin takaba, wato kashi ɗaya cikin takwas, shi matan uku za su raba tsakaninsu tun da mamacin ya bar 'ya'ya, kuma sai an biya bashi tukuna kafin a taɓa komai. Amarya ta fashe da kuka, ta tsakiya ta hau faɗa, ita kuwa uwargida ba ta ce uffan ba. Ta kwance bakin zanenta ta ciro makullin ɗakin maigidan, ta ajiye a kan tabarma a gaban malamin, ta gyara mayafi ta tashi. Mai ɗaukar hoton ya yi hankali, bai bi ta ba, ya bar kyamara a kan makullin. A falonmu sai da aka yi tsit, har autan da ba ya iya zama wuri ɗaya. Marubucin kuma ya san fiƙihun gado, bai yi irin kwaɓar da aka saba gani ba inda alƙali a fim yake yanke hukunci da son ran darakta.

Sai dai wannan labari na kashi shida ne aka ja shi ya kai 13, kuma jan ya fito fili. Da abin ya ishe ni, na sa agogo a kashi na bakwai. Tsawonsa minti 52 ne. Minti shida na farko maimaicin makon jiya ne, minti tara sun tafi a tallan maganin gargajiya da na filaye da na wani shagon atamfa, kuma sau huɗu aka nuna mota tana tahowa, tana yin hon, maigadi yana fitowa, yana buɗe ƙofa, tana shiga, direba yana zagayowa yana buɗe wa wani Alhaji. Idan aka haɗa da gaisuwar da ba ta ƙarewa da hoton gari daga sama da ake sakawa tsakanin kowace fitowa, abin da ya rage na labari bai kai rabin sa'a ba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Tun da Arewa24 ta fara aiki a 2014 ta saba wa mutane da bin labari mako-mako, kuma da kasuwar faifai ta rushe masu shirya fim suka koma YouTube, inda kuɗi yake zuwa daga yawan masu kallo da tallan da ake sakawa a tsakiyar bidiyo. Duk kashin da aka ƙara, an ƙara mako guda na talla. Na fahimci matsin da suke ciki, amma fahimtar ba ta hana ni yin gyangyaɗi a kashi na goma ba.

Matsala ta biyu ita ce sauti. Kiɗan da ake sa wa a ƙarƙashin magana yakan danne maganar, musamman a wuraren baƙin ciki, inda ake sako wata sarewa mai kuka da ƙarfin da sai ka rage murya, sannan idan aka koma hira ka sake ƙarawa. Rimot bai huta ba a hannun babbar 'yata. Kuma abin takaicin shi ne a wuraren da 'yan wasan suka fi ƙoƙari ne kiɗan yake shigowa, kamar mai tace hoton bai yarda fuskar mutum kaɗai za ta iya sa mai kallo hawaye ba.

Abu na biyu da muka kalla fim ne guda na sa'a biyu da aka ɗauka a nan Jos, kuma shi ne ya fi ba ni haushi duk da cewa shi ya fi kyan hoto. Tun daga fitowar farko na gane duwatsun Shere, na gane hanyar Lamingo, na ga ɗaya daga cikin kududdufan nan da haƙar kuza ta bari a wajen Rayfield, ruwansa kore shar a cikin hasken la'asar. Wanda ya riƙe kyamarar ya san aikinsa, kuma ba abin mamaki ba ne a garin da Hukumar Fina-finai ta Nijeriya take da hedikwata, hukumar da aka kafa a 1979, ga kuma makarantar koyon fim da ke ƙarƙashinta tana yaye ɗalibai. Amma labarin na soyayya ne tsakanin ɗan mai kuɗi da 'yar talaka, wanda za a iya ɗauka a kowane gari, kuma ko sau ɗaya ba a ambaci sunan Jos ba. Duwatsun ado ne kawai, ana zuwa gabansu a tsaya a yi waƙa a koma falo. Jarumar ma da ka ji harshenta ka san 'yar garin nan ce, amma an tilasta mata Hausar Kano, tana yi tana tuntuɓe, alhali da an bar ta da Hausarmu ta Jos, mai gauraye da kalmomin maƙwabta, da wasan nata ya fi zama a jiki.

Na zauna ina tunanin labaran da ke kwance a wuraren da suka wuce ta gabansu da kyamara. Waɗancan kududdufai ramuka ne da kamfanonin Turawa suka haƙa tun farkon ƙarni na 20, kuma neman aikin kuza ne ya kawo kakannin da yawa daga cikinmu tudun nan daga Kano da Bauchi da Borno. Har yau akwai samari da mata da suke shiga ramuka suna wanke ƙasa domin abin da za su ci. Ga kasuwar Farin Gada da asuba, lokacin da ake sauke kabeji da karas da tumatir, ga manoman dankalin Turawa na Bokkos da Mangu, ga 'yan kasuwar da suka tashi da dukiya suka kwana babu ita ranar da babbar kasuwar Taminus ta ƙone a 2002. Mai fim ya zo har bakin wannan rijiya ya koma da ƙishirwa.

Fina-finan Indiya huɗu da mai shagon ya bar mini duk fassarar Hausa ce, kuma duk daga kudancin Indiya suke, na yaren Telugu da Tamil, ba irin na Bombay da muka tashi da su ba. A zamaninmu ba ma jin abin da ake faɗa, da ido muke bin labari, har muka raɗa wa jarumai sunayenmu, kamar yadda aka riƙa kiran Dharmendra Sarkin Ƙarfi. Yanzu jarumi yana buɗe baki Hausa ce take fitowa, kuma ba Hausar littafi ba. Wanda ya fi burge ni labarin wani ƙaramin ma'aikacin gwamnati ne da aka tura ƙauye ya tarar wani mai gonaki ya tare ruwan jama'a. Dambe da tashin motoci sama duk suna nan yadda aka saba, mutum ɗaya yana watsa talatin, amma abin da ya riƙe ni shi ne bakin mai fassarar. Bos ɗin yana magana da gatse irin na dattijon da ya ƙoshi, yaransa suna yi da harshen 'yan tasha, kuma duk karin maganar da aka jefa ta faɗa a gurbinta. Zan faɗi abin da na san ba zai yi wa wasu daɗi ba: a cikin duk abin da ke memorin nan, hirar da ta fi kama da yadda Bahaushe yake magana a fim ɗin Indiya na ji ta. Masu rubuta fina-finanmu ya kamata su zauna su saurari masu fassara da kunnen ɗalibi.

Aibinsu shi ne murya ɗaya takan ɗauki mutum uku, har ka rasa wa yake magana idan kyamara ba ta kan fuskarsa, kuma wani lokaci mai fassara yakan cusa barkwanci a wurin da ake makoki. Sauran ukun ban ga abin da zan tsaya a kansu ba. Na Turkiyya na tarihi ne, dawakai da takubba da makircin fada, Hajiya da 'yan matan sun kamu da shi, ni kuwa na sauka a kashi na shida da na ga maci amanar da kowa ya gane tun farko har yanzu sarki bai gane shi ba. Na Koriya babu fassarar murya, sai rubutun Turanci ƙanana a ƙasa masu gudu, don haka 'yan matan kaɗai suka iya bin sa.

Yanzu sai laifuffukan shagon, kuma ba kaɗan ba ne. Fina-finai uku sun ƙi buɗewa sam. Kashi na tara na labarin gadon da muka buɗe sai muka tarar na takwas ne aka sake turawa da wani suna, kuma wannan ya faru ne da ƙarfe goma na dare, daidai inda aka tsaya a kan wa ya sace takardun gida, saboda haka sai da na sha harara kamar ni na shirya fim ɗin. Wani na Amurka da mai shagon ya saka a matsayin gyara, da waya aka ɗauke shi a cikin sinima: hoton a karkace, ana jin tarin mutane, inuwar kan wani tana wucewa, ga tambarin wani kamfanin caca yana yawo a kan allo. Sannan duk da ya tambaye ni ko a talabijin za a kalla na ce e, yawancin abin da ya tura masu ƙaramin nauyi ne, irin waɗanda aka matse domin waya. A tafin hannu suna da kyau, amma a talabijin mai inci 32 fuskoki sukan dagule, duhun dare kuma ya zama dabbare-dabbare. Matse fim yana sa memori ya ɗauki da yawa, turi kuma ya yi sauri, wato riba ce ga mai shago, amma ni da an ba ni zaɓi da na ɗauki goma masu kyau a kan ashirin masu hazo.

Washegari na koma da ƙorafina. Bai yi musu ba, ya sa memorin a kwamfuta ya duba. Kashi na tara ya amsa laifinsa nan take, ya ce yaronsa ne ya yi kuskure wajen sa suna, ya tura mini daidai. Game da ukun da suka ƙi buɗewa sai ya ce, "Baba, wannan memorin a ina aka saye shi?" Ya nuna mini cewa duk abin da aka tura bayan an wuce wajen giga 25 ya lalace, alamar jabu ne, an rubuta masa abin da ba zai iya ɗauka ba. Wannan ba laifinsa ba ne, kuma na ji daɗi da ya nuna mini a allo maimakon ya ce in yarda kawai. Ya sake tura su a filas ɗina bai karɓi ko kwabo ba. Amma a kan wanda aka ɗauka da waya amsarsa ba ta gamsar da ni ba, domin cewa ya yi mai kyau bai sauka ba tukuna. Na ce masa, "Ɗana, ai sai ka faɗa tun farko, kamar yadda ka faɗa mini na rawa." Ya yi dariya ya sosa ƙeya.

Akwai wani abu da na lura da shi a zaman da na yi wanda ya fi waɗannan duka muhimmanci. Mutane suna miƙa wayoyinsu a buɗe, su tafi kasuwa ko masallaci, su bar su a hannun yaran shago, da hotunan iyali da saƙonni da manhajar banki duk a ciki. Ban ga an taɓa wayar kowa ba, amma na ga wayoyi bakwai a jere a kan tebur babu mai su a kusa, kuma samari suna shiga suna fita. Duk wanda zai je, musamman wanda zai aiki yaro da wayar matar gida, ya cire memori ya bayar ko ya tafi da filas. Mata kuma ba su da wurin zama, domin bencin samari sun cika shi, sai dai su tsaya daga nesa su aika yaro.

Bencin nan kuwa shi ne rabin daɗin wurin. A zuwana na uku na tarar ana musu a kan ƙarshen labarin gadon tsakanin wani direban Keke, da wani tela, da wani ɗalibin Jami'ar Jos. Telan ya ce an cuci amarya, tun da ita ta yi jinyar maigidan. Direban ya ce jinya lada ce ba gado ba, kuma duk wanda ya ga yadda take kallon makullin mota tun kashi na biyu ya san abin da ya kawo ta. Ɗalibin ya ce su duka sun bar jaki suna dukan taiki, domin ainihin mai laifi shi ne mamacin da ya ci bashi bai gaya wa kowa ba, bai kuma bar wasiyya ba. Da suka ga furfura sai suka ce Baba Malam ya raba gardama. Na ce ina bayan ɗalibin, amma na ƙara da cewa marubucin ya ji tsoro a ƙarshe, ya kawo wani ɗan'uwa daga ƙasar waje ya biya bashin a fitowa ɗaya, alhali labarin ya fi ƙarfi da an bar iyalan sun sayar da gidan. Telan ya ce da an yi haka da matarsa ba ta sake kallon fim ɗin kamfanin ba. Mun kai kiran magariba ba a daidaita ba, kuma na lura mai shagon yana jin duk abin da ake faɗa yana aikinsa. Daga wannan benci yake tara abin da zai gaya wa mai saye na gaba.

Ban bar shagon ba sai da na yi masa tambayar da take cina, wato ko masu fina-finan suna samun wani abu daga naira hamsin-hamsin ɗin nan. Ya ce akwai na Hausa da sukan biya kafin a ba su izinin turawa, amma waɗanda aka saka a YouTube sauke su kawai suke yi, tun da a cewarsa kyauta aka saka. A nan ne lissafinsa ya karkace. Mai fim yana cin abinci ne daga kallon da aka yi a tasharsa, kuma idan mutum ɗaya ya sauke ya tura wa ɗari, kallo ɗaya aka rubuta masa. Wato ni da na zauna ina sukar yawan talla da jan labari, ina cikin waɗanda suka sa dole a yi hakan. Nijeriya tana da sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta 2022, amma a lungun nan ba wanda yake tuna ta. A ɗaya ɓangaren kuma, tun da aka amince wa kamfanonin waya ƙarin farashi na kashi 50 cikin ɗari a farkon 2025, kallon zango guda a intanet ya fi ƙarfin aljihun yawancin waɗanda na gani a bencin. Na gwada da kaina, na kalli kashi biyu na ƙarshe a tashar masu fim ɗin. Hoton ya fi kyau nesa ba kusa ba, amma datar da ta tafi ta ninka kuɗin turi, kuma sau uku yana tsayawa yana juyi a unguwarmu.

Ga wanda yake son abin da iyali za su kalla tare ba tare da fargaba ba, kuma ba shi da lokacin tacewa da kansa, shagon ya ci kuɗinsa, kuma zan ba shi bakwai cikin goma. Maki ukun da na riƙe na hoto mai hazo ne, da rashin duba aiki kafin a miƙa wa mai shi, da wayoyin mutane da ake bari a buɗe. Wanda zai je ya faɗa da bakinsa cewa mai nauyi yake so idan a talabijin zai kalla, ya kuma sa a buɗe masa kowane fim a gabansa a ja shi zuwa tsakiya da ƙarshe kafin ya biya, ko da layi ya yi tsawo. A gidana mun yanke cewa na Hausa da suke da tasha za mu riƙa kallonsu a can duk lokacin da data ta samu, sauran kuwa a wajensa.

A zuwana na huɗu na tafi da sabon memori da na saya a gabansa ya gwada, da kuma takardar da 'yan matan suka rubuto mini jerin abin da suke so. Ya karanta ya soke guda ɗaya da biro, ya ce in gaya musu shi ya hana, ba ni ba. Ya kuma ce an fara tallan zango na biyu na labarin gadon, kuma uwargidan tana ciki. Na ce ya ajiye mini labari idan ya kalli kashi uku na farko, in dai motar Alhaji ba ta fi sau biyu tana shiga gida ba.